Hoton da Ya Tsaya a Goshi

Daga Jaji a Dutse, zuwa ga Yaya Tijjani a Kaduna
Litinin, 3 ga Afrilu, 2006

Yaya Tijjani, don Allah me yake hana hoto ya sauko ya wuce goshi?

Af, yi haƙuri, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti Nabila da yara. Ni ne Jaji ɗan Malam Umar na Garki, wanda kakarka da kakata suke ciki ɗaya. In ka manta ni, ni ne na ɗauko maka jaka daga tasha ranar suna a gidan Baba Huzaifa, har hannun jakar ya tsinke. Inna ce ta ce min aikinka ke nan a Kaduna, gyaran kwamfuta, shi ya sa na rubuto.

Wata biyu ke nan aka kawo ni Dutse in zauna da Hajiya Gaji, ƙanwar kakana na wajen uba. Lafiyata lau, abinci sau uku har da shayi mai madara. Garin duk duwatsu ne, wani a kan wani, kullum ina jin kamar ɗaya zai gangaro, amma an ce tun tuni a haka suke.

Ga maganar. Ɗanta Yaya Abdulrauf yana karatu a Malesiya shi da matarsa. Da ya zo hutu ya sa aka jawo intanet ta cikin wayar tarho, ya ajiye kwamfuta a falon Hajiya, ya rubuta min a takarda abin da zan danna, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya koma, matarsa ta haihu mace, aka sa mata sunan Hajiya. Ya turo hoton ta kwamfuta. To hoton ne ba ya fitowa. Sai ya fara daga sama a hankali kamar ana sauke labule, mu ga farar hula, mu ga goshi, shi ke nan ya tsaya. In je kasuwa in dawo yana nan a goshi. Wanda ya aiko ta gidan waya kuma har yau bai iso ba.

Abin da ya sa na damu, Hajiya tana da yana a ido. Na hagu ya rufe, na dama ma yana bin sa. An rubuta sunanta, likitocin ido da suke zuwa daga waje za su yi mata aiki a Kano ranar 24 ga wannan wata, kuma an ce in suka tafi sai baɗi. Ita kuwa ta ce ba mai sa mata wuƙa a ido sai ta ga takwararta. Ta ce, "In aka yi aikin bai yi ba, me zan riƙe a cikin duhun? Goshi?"

Kullum sai ta tsokane ni, wai, "Angon ƙauye, kai da aka kawo ka yi min gani, ka kasa nuna min hanci ɗaya."

Mutumin kamfanin waya ya zo ya hau falwaya ya sauko, ya ce daga wajensu lafiya lau. Ban kira ka a tarho ba don yana kusa da kujerar Hajiya, komai na faɗa a kunnenta, kuma ma shuuu yake yi kamar ana suya. Ka ba Direba Albarka amsa, yana lodi a tashar Kawo Talata da Juma'a.

Akwai wani mugun abu da na fitar daga gidan nan satina na farko, amma ba maganar takarda ba ce, sai mun haɗu.

Naka,
Jaji


Daga Tijjani a Kaduna
Juma'a, 7 ga Afrilu

Wa alaikumus salam Jaji, ɗan ƙanena mai tsinka jaka. Ya zan manta ka, jakar har yau da igiya nake ɗaure ta. Duk muna lafiya, sai Munira ƙarama da ta yi ɗan zazzaɓi, ta warke. Ka gaishe min da Hajiya sosai, ka ce mata Tijjanin Kaltumi yana yi mata sannu da ido.

Na karanta takardarka sau biyu. Rubutun naka kamar kaji sun yi tsere, amma na gane. Sannu da ƙoƙari, har da kashe maciji a satin farko, lallai an yi dace da ango.

Ina cikin aiki, don haka ga abin da za ka yi a taƙaice. Kusa da kwamfutar akwai akwati mai ƙananan fitilu, sunansa modem. Ka kashe shi, ka ƙirga talatin, ka kunna. Ka zauna ka zuba wa fitilun ido, ka rubuta min wacce take tsayawa, wacce take ƙiftawa, kuma me ake yi a gidan lokacin da ta canja. Ka bi wayar da ido tun daga bango har falwaya, ka ga ko ɓera ya ci, ko wani ya yi shanya a kai. Ka tabbata akwatin bai yi zafi ba, in kun lulluɓe shi da zani saboda ƙura, ku yaye.

Sannan a bayan tarho akwai wani ɗan farin abu kamar kwalin ashana, filta ake ce masa. Na san waɗanda suka jawo layin sun sa shi, ba sa mantawa. Ka dai duba ko ya saki, ka danna shi ya shiga.

Ban da wannan, kada ka taɓa abin da ba ka sani ba. Yawancin aikin da ake kawo min, hannun wani ne ya ɓata shi.

Yayanka,
Tijjani


Daga Jaji
Talata, 11 ga Afrilu

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa, na ji daɗi Munira ta warke, Allah ya ƙara sauƙi. Hajiya ta amsa, ta ce ashe kana raye, ta ce ka zo ka ci tuwo kafin haƙoranka su manta.

Na yi duk abin da ka ce. Na kashe na ƙirga talatin, na ma ƙara goma don ya huta sosai. Gaskiya mun lulluɓe shi da sallayar Hajiya ta da, na yaye, ya yi sanyi. Na bi waya har falwaya, ba shanya, ba cin ɓera, sai kurciya biyu, na kore su. Farin abu mai kama da kwalin ashana kuwa babu shi, na duba har ƙarƙashin kabad, kuma tunda na zo gidan nan ban taɓa ganin farin abu a wurin ba.

Fitilu kuwa na zauna gabansu wuni biyu. Ta biyun ce mai rigima. In gida shiru sai ta tsaya kore, hoto ya fara rarrafowa. Sai dai gidan nan ba ya shiru, Yaya. Duk layinmu tarhon Hajiya ne kaɗai tsofaffi suka yarda da shi. Mijin Hindatu maƙwabciyarmu nan yake kira daga Legas, wani ma daga Haɗeja zai kira ya ce a ce wa wance an sauka lafiya. Da tarho ya yi ƙara sai fitilar ta hau ƙiftawa kamar mai ciwon ido. In ba wanda ya kira kuma, da Hajiya ta hango farar hula sai ta rarumo tarho ta kira 'yarta ta Kiyawa, "Mu'minatu, ga ta nan ta fara fitowa!" Kafin su gama ina kwana ina gajiya ya yara ya zafi, hoto ya mutu.

Na ce ko in kai Hajiya gidan kwamfuta na kasuwa. Ta ce ita ba za ta zauna cikin samari masu wando a gwiwa ba. Kuma ma kalmar da ake buɗe saƙon da ita tana cikin kwamfutar gida, Yaya Abdulrauf ya faɗa min ita a tarho sau uku, shuuu kawai na ji.

Yaya, maganarka ta ƙarshe ta tsaya min. Ka ce hannun wani ne yake ɓatawa. Ni kake nufi? Wani ya gaya maka wani abu ne? Ni dai aji huɗu na tsaya, amma wallahi ban taɓa yin komai a gidan nan da mugun nufi ba. Kuma ba maciji na kashe ba.

Saura kwana goma sha uku.

Jaji


Daga Tijjani
Alhamis, 13 ga Afrilu

Salam Jaji. Muna lafiya, da fatan ku ma haka.

Haba ɗan ƙanena, wa ya ce da kai nake? Maganar da nake gaya wa kowa ce, har mai gidana. Ka kwantar da hankalinka. Aikin da ka yi na zama gaban fitila, yaran shagonmu uku ba su iya shi ba, don ka kamo ɓarawon da kanka.

Ka ga, waya ɗaya ce take ɗauko maganar mutane da maganar kwamfuta tare. Filtar nan ita ce rariyar da take raba su, kamar yadda Inna take tace gasara, ruwa gefe, dusa gefe. In babu ita, kowa yana shiga bakin kowa. Shi ya sa tarhonku yake suya, shi ya sa hoto yake mutuwa in an ɗaga. Hanya mai sauƙi, ka zare wayar tarho daga bango gaba ɗaya, ka danna ɗaya, biyu, uku, huɗunka. Kafin ka sha ruwa hoto ya sauko har ƙafa.

Amma tsaya. In ba maciji ba ne, mene ne mugun abin da ka fitar? Ya girmansa? A ina ka same shi? Na ce maka fari ne don yawanci farare ne, amma in mutum ya naɗe shi da wani abu fa? In yana da ɗan rami a gefe ɗaya da guntuwar waya a ɗaya gefen, Jaji, ka je duk inda ka kai shi ka dawo da shi, kuma ka rubuto min in yi dariya ta ishe ni.

Tijjani


Daga Jaji
Laraba, 19 ga Afrilu

Assalamu alaikum Yaya Tijjani. Ina fata lafiya. Mu nan lafiya, sai zafi, sai idon Hajiya da jiya ta zuba gishiri a shayi.

Kwana takwas ban ji daga gare ka ba. Na je tasha sau uku, ba Albarka ba motarsa. Na san fushi kake, kuma na san ka gane. To gara in faɗa da bakina. Wannan wani direba zan ba, Allah ya sa ta same ka.

Satina na farko ina share bayan kabad ɗin tarho, sai na ga wani abu baƙi ƙirin yana reto a jikin waya, an naɗe shi tam, girmansa kamar ɗan yatsa biyu. Yaya, laya ce sak. Irinta aka tono a gonar Baba shekarar da geronmu ya ƙi, na gani da idona. Na ce wani ne yake son raba Hajiya da ɗanta, shi ya sa ya rataye ta a inda muryarsa take shigowa. In na gaya mata hankalinta zai tashi, ga ciwon ido. Sai na yi bisimilla, na cire da hannun hagu, na mayar da wayar cikin bango, ta kuwa shiga daidai kamar dama can wurinta ne.

Na kai wa Malam Isah limamin masallacin bakin kasuwa, don tun da aka fara shari'a yake cewa duk mai laya ya kawo a ƙona. Ya ce daga wane gida, na ce ba zan faɗa ba, rufin asiri ne. Na juya na tafi, ban ƙara bin ta nan ba, a masallacin layinmu nake salla.

Yanzu na zauna na lissafa, tun daga ranar tarho ya fara suya. Ko dai cirewar da na yi ce ta tayar da abin? Ko ƙona ta ne aka yi ba daidai ba? Ka tambayar min wani malami a Kaduna. Ni na jawo, kuma in Hajiya ta rasa aikin idonta saboda ni, ban san da wace fuska zan koma Garki ba.

Saura kwana biyar.

Jaji


Daga Jaji
Litinin, 24 ga Afrilu, da sassafe

Assalamu alaikum Yaya! Lafiya lau, lafiya lau, kowa lafiya. Ka gai da Anti da Munira. Ka yi dariyarka, na yafe, don nan ma an sha ta.

Takardarka ta ranar 13 sai shekaranjiya Asabar ta zo. Motar Albarka ce ta lalace a hanya, takardar tana aljihun gaban mota wajen bakanike kwana tara, har da tambarin baƙin mai a kan sunana. Na karanta a tsaye a tasha. Da na zo wurin "in mutum ya naɗe shi da wani abu", sai da na zauna a kan buhun wani.

Na ruga gida na ce, Hajiya, an samu hanya, tarho za mu zare. Ta ce a'a. Ta ce gobe Lahadi da hantsi Abdulrauf zai kira kamar kullum, kuma ita so take yana kan waya lokacin da za ta ga 'yar, don ta gaya masa da bakinta wa ta ɗauko. Ta ce wata guda tana jira, ba za ta kalli takwararta ita kaɗai kamar mai leƙe ta taga ba. Na ce to sai da filta. Ta ce mece ce filta, ina take?

Yaya, nan na durƙusa na faɗa mata komai. Can ta ce, "Wato kai ka ga an yi min asiri, ka ɗauka da hannunka, ba ka ji tsoro ya kama ka ba?" Na ce na ji tsoro mana, kwana uku ban ci abinci da hannun ba, ko da yake na hagu ne dama. Sai ta fashe da dariya har tana share idon da ba ya gani. Ta ce, "Tashi, sarkin yaƙi, je ka karɓo min layata."

Ina tafe ina addu'a Allah ya sa ba a ƙona ba. Na sami Malam Isah bayan la'asar. Yana ganina ya ce, "Yawwa, mai rufin asiri! Wata biyu ina neman ka." Ashe shi ba ya ƙona laya sai ya farke ya ga abin da aka rubuta. Da ya warware, baƙin salatif ne na masu gyaran wuta, a ciki ga ɗan farin kwalinka, da rami da guntuwar waya, yadda ka faɗa. Ya ajiye shi a tagar masallaci bayan agogo. Ya ce, "Na duba ciki da waje ban ga aya ba, ban ga sunan aljani ba, sai lambobi. Na ce wannan ko asiri ne to na kamfani ne." Mutanen da suke wurin har da masu riƙe ciki. Amma da zan tafi ya dafa kaina ya ce niyyata mai kyau ce, gaba in na ga abu in yi tambaya.

Na dawo na sa shi. Sai na ga yana saki, yana zamowa. Ashe shi ya sa Yaya Abdulrauf ya naɗe shi tun farko. Na sayo salatif na naɗe, amma ja na saya, kada wani ɗan Garkin ya zo bayana.

Jiya da hantsi falo ya cika, Hindatu da yaranta, Anti Mu'minatu ma ta hawo mashin daga Kiyawa. Tarho ya yi ƙara. Hajiya ta ɗaga, sai ta ce, "La, Abdulrauf, ka dawo ne? Kamar kana tsakar gida!" Suyar ta tafi. Na kalli fitila ta biyu, tana nan kore, ko gezau. Na danna ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Hula. Goshi. Nan muka saba tsayawa. Sai gira. Sai ido, a buɗe tar. Sai hanci, sai baki, sai ɗan hannu a dunƙule a gefen kunci.

Hajiya ta matso da kujera, ta rufe idon hagu da tafinta, ta kai na dama dab da gilashi har numfashinta yana yin gumi a jiki. Ta daɗe. Daga can Yaya Abdulrauf yana ta cewa, "Hajiya, kina ji na? Hajiya?" Sai ta ce, "Ina ji, kallo nake. Idon na uwarta ne. Amma hancin nan na babanka ne, Allah ya jiƙansa, ko a duhu na shafa zan gane shi." Ta ci gaba da kallo da tarho a kunne, kuɗinsa yana ta tafiya, ba wanda ya ajiye.

Da ta gama ta ce wa Anti Mu'minatu ta haɗa mata kaya. Ta ce yanzu ko likita ya yi me, ta samu abin riƙewa.

Na gode Yaya, Allah ya saka. In ka zo cin tuwon zan nuna maka jar layar, kuma ina so ka koya min abin da yake bayan huɗu, don na ga akwai wurin dannawa da yawa. Ka sa Hajiya a addu'a yau. Ta ce ni zan riƙe mata hannu har ƙofar ɗakin aikin, wai wanda ya iya ɗaukar asiri da hannun hagu ba zai ji tsoron asibiti ba.

Ga mota nan ta tsaya a ƙofa, Hajiya tana ta kiran angon ƙauye, kuma butarta da sallayarta suna hannuna. Sai na tafi yanzu.

Naka,
Jaji